Igiya da Ƙugiya

Ni ake bugo wa waya in damina ta raba tsakiya,
ko da yake sunan aikinmu kashe gobara.
Shekara goma sha bakwai ina nutso a kududdufan Kano.
Na san ɗoyin na Ɗorayi, na san taɓon na Sheka,
na san nauyin yaro in ya gama shan ruwa.

Jiya muna gindin darbejiyar ofis,
rediyon Garzali na tari, sai ga labari:
wai an kai ƙuduri gaban majalisa,
duk uban da ya biya wa ɗansa kuɗin koyon iyo
za a rage masa haraji,
mai wurin ninkaya ma a sassauta masa.
Garzali ya ce, "Madalla." Ni na yi shiru,
ina kallon igiyata a rana tana bushewa.

Ba ƙi na yi ba. Wa ke ƙin inuwa?
Nazifi na tuna, ɗan mai faci a Kurna.
Shekararsa tara, ƙwallon roba ya bi.
Silifa ɗaya a bakin gaɓa,
ɗayan ni na lalubo shi a ƙasa.
Ubansa ba shi da takardar albashi da za a rage wa komai,
nasa harajin tikiti ne, kullum safiya,
ana yaga masa tun bai karya ba.
Wane layin dokar zai iso rumfarsa?
Ruwan otal shuɗi ne, da mai gadi a ƙofa.
Na unguwa kore ne, ba ya tambayar kowa.

Ni kawuna Tasi'u ya koya mini, a Wudil.
Ya ɗaura mini gora a ƙirji, ya ce,
"Kada ka yi kokawa da shi, ya fi ka dangi.
Kwanta masa kamar tabarma, ka ba sama fuskarka."
Ko kwabo bai karɓa ba.
Da maganar nan nake ci, da ita nake fitowa.

Ku masu kujeru, ku sa hannu, ban hana ba.
Amma in akwai sauran tawada,
ku katange ramukan da aka kwashe ƙasar gini,
ku haƙa mana kwarmi ɗaya mai tsabta a makarantar gwamnati,
ku ba mu Asabar, mu da muka iya.
'Yan mata ma, a samo mace ta koya musu,
ambaliya in ta shigo soro ba ta zaɓe.
Mun gaji da zuwa bayan an gama kururuwa.

Makon jiya uwar Nazifi ta zo ofis.
Ba ta zauna ba, ba ta yi kuka ba.
Ta turo ƙaninsa gabana, siririn yaro mai kunya,
ta ce, "Kai ka fito mini da wancan.
Koya wa wannan ya fito da kansa."

Na sayi jarka biyu a Kurmi, na toshe bakinsu.
Hadari na haɗuwa ta gabas,
ƙudurin, an ce, yana karatu na biyu.
Mu namu na farko gobe ne, da hantsi,
hannuna a ƙarƙashin bayansa,
idonsa a sama, har ya daina rawa.