Silifas Daga Tokyo

Ruwa na dukan kwanon rufi a Asawase,
an ɗauke wuta tun la'asar.
Na zauna bakin gado, na zura ƙafa
cikin silifas ɗin da na taho da shi.

Tsofaffin injinan mota na je saye,
dillali ya kama mini ɗaki
a otal ɗin da ya girmi kakana.
Liftarsa sai ta yi nishi take hawa.
Wani dattijo mai farar safar hannu
ya rusuna mini, ni da baƙin man Suame
bai bar ƙarƙashin faratana ba.
Na rusuna, ya ƙara, na ƙara.
Da ba a kira shi ba, da muna can.

Shiru ya hana ni barci:
ba ladan, ba hon,
ba Zuwera tana faɗa da gawayi.
Da asuba waya ta nuna alƙibla,
gabas ɗina ta koma yamma.

Kwana uku suka cinye kuɗin giyabos biyu.

Yanzu farinsa ya sha jar ƙasa.
Ta ce in yar.
Na ce gobe.
Miƙo bokiti, rufin ya fara yoyo.