Ɗaki Na Tara

Ƙarfe biyar nake tashi, kafin zakaran Ntate Mokhethi,
in yafa bargo, in soke shi da babban fil a ƙirji,
in gangaro ta turbar awaki,
ƙanƙara na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmin roba.
Otal na can ƙasa kamar ƙwai a kwando,
ɗaki goma sha huɗu, kewayayyu, da jinka,
an gina su don su yi kama da namu,
sai dai namu ba famfon ruwan zafi.

A ƙirjin rigata an rubuta Lineo.
Baƙi su karanta Liniyo, alhali Dineyo ake faɗa.
Na daina gyara musu
tun shekarar da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa.

Aikina hura wuta.
In durƙusa gaban murhu da ƙirare da gawayi,
in cusa gorar ruwan zafi ƙarƙashin bargo uku,
saboda mutanen da suka biya kuɗi
suka hawo dutse don su ji sanyi.
Da hantsi ɗana Tumelo ya ɗora su a kan dawakai,
ƙananan nan masu kofato kamar ƙusa,
ya kai su ga zanen mutanen dā a bangon kogo.
Su ɗauki hotonsa da hular ulu, ido kawai a waje,
su dawo suna tafiya a tattale, suna dariya.

Ɗaki na tara ya fi tsada,
tagarsa ce ke kallon tafki.
Jiya wata baƙuwa ta dafa gilashi ta ce,
"Kai, kun dace da ruwa!"
Na ce haka ne, na ci gaba da kaɗe matashi.
Cikin da ya san tuwo ya san ajiyar magana.

Daidai inda kwalekwalensu ke juyawa
nan gonar alkamar babana take.
Gaba kaɗan, garken tumaki.
Kaburbura an tone, an hau da su tudu a mota,
dutsen niƙan kakata kuwa ya yi nauyi,
aka ce a bar shi, za a dawo.
Ruwan na bin rami ta cikin dutse zuwa birnin zinariya,
hanyar da mijina ya bi da akwatin ƙarfe.
Shi ya dawo da tari.
Ruwan ko da tari bai dawo ba.

Kuku yakan soya kifin tafkin da man shanu,
ya miƙo mini ragowa a bayan kicin.
In ce na ƙoshi.
Yaya zan ci abin da ya yi kiwo a tsakar gidanmu?
Tuwon masara da ganye sun ishe ni.

Shekarar fari, baƙi suka ɗauke ƙafa,
tafki ya janye kamar mai jin kunya,
sai ga kan katangar garke ya leƙo,
duwatsu bakwai, na ƙirga, jere da laka.
Manaja ta tafi Maseru biyan haraji.
Na zari mabuɗi daga ƙusa,
na shiga na tara, na hura wuta, ba don kowa ba,
na zauna a gadon da na shimfiɗa sau dubu,
ashe haka yake lotsawa.
Na kalli duwatsun nan har duhu ya haɗiye su,
na kira tumakin da sunayensu, a hankali,
har da gurguwar da dila ya ci.

Da asuba na kwashe toka,
na shafe gurbin zamana da tafin hannu,
na ɗora alewa a kan matashi,
na mayar da mabuɗi ƙusarsa.

Damina biyu, ruwa ya sake rufe su.
Yau akwai masu zuwa ƙarfe uku,
sun ce lallai sai mai kallon tafki.
Zan goge musu gilashin da kyau.