Hayaƙin da ke Cikin Jini

Ƙarfe biyun dare a Puno.
Tafkin Titikaka ya yi lamo cikin sanyi,
iskar kan tudun nan ko mai lafiya rowa take yi masa.
Ni ce Teodosiya, mai kwana da na'ura a ƙasan asibiti,
inda majinyata ba sa zuwa da fuskarsu,
sai suna a jikin kwalba, da cokali biyu na jini.

Yau kwalba biyu aka sauko mini da su.
Ta Fermina Lariko, mai saƙa hular ulu a bakin tashar kwalekwale,
tarinta har nan yake iske ni ta cikin silin,
'ya'yanta huɗu sun cika baranda da kuka.
Sai ta Nikanor Kutipa, masunci,
wanda ya zo da ƙafarsa yana ba masu jinya dariya,
wai mura ce, a sallame shi kafin asuba,
komarsa na ruwa, kifi kuwa ba ya jiran wani.

Na'ura ta juya su kamar mazari,
ja ya kwanta ƙasa,
sama ta ɗauki ruwan ɗorawa a launi.

Ba ƙwayar cutar nake farauta ba,
wannan tun a hanci aka kama ta.
Fushin jiki nake aunawa:
furotin da hanta ke zubarwa in gobara ta tashi,
feritin, rumbun ƙarfen da ya ɓalle ƙofa,
fararen ƙwayoyi, wasu sun yi cincirindo,
wasu sun watse kamar kasuwar da ruwa ya kora.
Sau da yawa masu kashe wutar ne ke rusa ɗakin,
huhu ya tashi da rauni.

Fermina: ashirin da ɗaya.
Nikanor: ɗari da tamanin da shida.
Na goge tabarau, na sake gwadawa.
Ɗari da tamanin da tara.
Hannuna ya riga bakina isa kan waya,
ban tsaya dogon tunani.

Gado ɗaya ya rage mai bututun oksijin.
Dakta Arukipa ta yi shiru, har ina jin numfashinta,
sannan ta ce a hau da masuncin.
Ya hau yana mita, ko takalmin roba bai cire ba.
Babban ɗan Fermina ya gangaro har tagata,
ya ce, "Uwata na shiɗewa, kun ba mai dariya gado?"
Na nuna masa takarda.
Ya dube ta kamar na miƙa wa mai ƙishi dutse.
Lamba ba ta iya lallashi,
ni ma ban iya bayani.

Kwana biyu, Nikanor ya kasa kai magana ƙarshenta.
Kwana biyar, Fermina ta tafi gida,
tana faɗa kan wanda ya ɓatar mata da allurar saƙa.

Kada a ce na ci gari.
Bara akwai Brauliyo, malamin lissafi,
lambobinsa luf-luf kamar ruwan randa.
Na sa hannu, na sha shayin koka, na yi barcina.
Ranar Alhamis aka fitar da shi a rufe.
Jini ba boka ba ne.
Hayaƙi yake nunawa, shi ma ba kullum ba,
akwai wutar da ke cin ƙasa ba a gani.

Da safen nan matar Nikanor ta ajiye mini soyayyen kifi
a naɗe cikin tsohuwar jarida, a kan taga.
Ba ta ce komai ba. Mijinta na sama, bututu a hanci.
Kwalbarsa ta yau tana juyawa a bayana.
Jiya ɗari da arba'in.
Tana sauka, taki ɗaya-ɗaya,
kamar tsoho a kan tsani.

Ban taɓa kifin ba tukuna.
Saura minti bakwai na'ura ta tsaya,
sai in sani.