Aikin Dare a Mangistau

Ƙarfe biyu na kashe rediyo
don in ji famfo.
Shekara tara ina sauraronsa, na san tarinsa
kamar yadda na san na mahaifina.

Ana ce mata rijiyar mai. Ni na ga abin da take haifa:
ganga ɗaya ta mai, takwas na ruwa biye da ita,
ruwan da ya kwana a ƙarƙashin ƙasar nan
tun ba a yi ƙafar da za ta taka ta ba.
Yana fitowa da zafi, da gishiri, da warin ruɓaɓɓen ƙwai,
mai ya shige jikinsa ƙwaya-ƙwaya,
ƙananan da ko an bar su sun kwana ba sa tasowa.

Ina 'yar shekara goma, a fili ake zubar da shi.
Tafki baƙi mai ɗauke da hoton sama.
Agwagin Kaspiyan suka ga sama a ƙasa, suka sauka.
Taguwar babana Tolegen ta sha.
Kwana uku yana riƙe da wuyanta.
Bai yi kuka ba, igiyar kawai ya naɗe
ya rataye bayan ƙofa. Tana nan.

Yanzu ga bututai jere cikin rigar ƙarfe,
kowanne da tantanin yumɓu a cikinsa,
ƙofofinsa sun fi ƙarfin ido.
Ruwa ya matsa ya wuce.
Mai ya zo, ya tsaya, ya shafa bango,
ba da shi aka yi ƙofar ba.

Amma tantani ma yana gajiya.
Allurar ma'auni ta hau, ta hau,
Yerlan ya leƙo da shayi a hannu:
"Zauresh, ya toshe."
Na sani. Tun ɗazu na ji a muryarsa.
Sai in juya ruwan baya,
ya amayar da abin da ya riƙe,
allura ta sauko a hankali kamar zazzaɓi.

Kwalba biyu nake ɗagawa gaban fitila.
Ta hagu, kalar shayin da madara ta lalata.
Ta dama, ina ganin zanen yatsana ta cikinta.
Kada ka sha.
Gishirin yana nan, wannan ƙofa ba ta tare shi.
Ƙasa za mu mayar wa abinta ta wata rijiyar.

Sauran, baƙin kunun da muka tace,
tanka ke zuwa ɗauka ranar Laraba.
Na taɓa tambayar direban ina yake kai shi,
ya nuna gabas da haɓa.

Asuba. Ƙanƙara ta kama tagar.
Na rubuta lamba a littafi, na sa hannu.
Bayan waya, raƙuma huɗu na wani
suna lasar raɓa a jikin bututu.
Na tsaya har suka wuce.