Allurar Da Ta Kwanta

Shekara goma sha ɗaya allurar gejin nan tana kwance,
ta jingina da hagu kamar mai jinya.
Ko an cika tanki, ko an bar shi da ƙishi,
maganarta ɗaya ce: babu.

Babana Eulalio bai taɓa yi mata musu ba.
Yana da sandar gwaiba mai tsaga bakwai.
Kowace safiya a bakin tashar Gibara
sai ya zura ta a tanki, ya zaro, ya ɗaga wa rana,
ya ce, "Migdalia, yau har Holguín da dawowa,
in dai ba mu ɗauki mai ƙiba ba."

Da ya rasu, ya bar mini mota da sanda
da bashin taya biyu.

Motar ta girme ni da shekara talatin.
Shuɗiya ce a sama, can ƙasa launin kirfa,
don teku ba ya barci a garinmu.
Cikin dare yake aiko gishiri a bayan iska,
gishiri ya tarar da ƙarfe, su haifi tsatsa,
ita kuwa tsatsa gara ce, ba ta sallama.

Wata Talata da ba fasinja
na fara cire kan batir,
tunda fetur da tartsatsi ba sa ga maciji.
Na buɗe but, na yaye shimfiɗar roba.
Noti biyar. Huɗu suka yarda,
na biyar ya ce sai an roƙe shi.
Na ɗiga masa kananzir, na je na sha kofi, na dawo.

Abin da na zaro bai kai cokali nauyi ba:
siririn hannun waya, a bakinsa ƙwallon tagulla
wanda aikinsa iyo a kan mai.
Na girgiza shi kusa da kunne, na ji cakal-cakal.
Ashe ya huje, ya sha, ya nutse,
yana zaune a gindin tanki tun ina budurwa
yana aiko da labarin fari daga ƙarƙashin ruwa.

Wayar da ke kama jikin mota ta yi kore shar.
Na kankare ta da samfefa sai da ta buɗe ido.

Tsoho Nicanor masunci ya yanko mini toshiya daga komarsa.
Ya ce, "Wannan ta riƙe raga a teku tun ba a yaye ki ba,
tankinki bai isa ya haɗiye ta ba."
Na shafa mata fanish sau uku, na rataye a inuwa.

Kafin ta bushe na kwanta ƙarƙashin mota,
burushin waya a hannu,
ɓarɓashi a ido, a gashi, a tsakanin haƙora.
Na tsokane ramukan gindin ƙofa da wayar keke,
ruwan saman bara ya zubo mini a wuya.
Na narka kyandir cikin baƙin mai,
na bi lungu-lungu ina shafawa
kamar mai murza wa tsohuwa gwiwa.
Na san ba magani ba ne, jinkiri ne.
Inda yatsa ke wucewa, na bar wa mai walda,
sai wata ya yi.

Da la'asar sakaliya na mayar da kan batir,
na murɗa makulli.
Allura ta yi makyarkyata, ta ɗago kai,
ta taka a hankali kamar mai neman takalmi a duhu,
ta tsaya kaɗan sama da babu.

Na yi dariya har Nicanor ya leƙo ta katanga.
Duk wahalar nan don ta gaya mini
abin da aljihuna ya sani tun safe!

Amma sai da na ɗauko sandar gwaiba,
na zura, na zaro, na ɗaga wa sauran rana.
Tsaga ɗaya da rabi.
Bakinsu ya zo ɗaya.

Na mayar da ita ƙarƙashin kujera.
Har yau wurin da babban yatsansa ke kamawa
ya fi ko'ina santsi.