Bakwai Sau Takwas

Ƙarfe ɗaya na dare na tashe shi.
Shayin ganyen koka, burodin jiya,
ya ci rabi, ya cusa rabi a aljihu.
Na durƙusa na ɗaura masa faratan ƙarfe a takalmi
kamar mai shirya yaro ranar farko ta makaranta,
shi da ya ba ni shekara ashirin da biyu.

Don Hilarión, malamin lissafi daga Santa Cruz,
ƙasar zafi, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai.
Shekara shida yana tara kuɗin wannan dare
a gwangwanin madara, in ji shi,
tun ranar da ya ga Huayna Potosí
a kalandar wani mai gyaran agogo.

Igiya ɗaya, ƙugu biyu.
Ni gaba, shi baya, fitila a goshi,
kowa na bin ɗan farin da ke gaban ƙafarsa.
Iskar nan marowaciya ce,
ka wage baki ka roƙa, ta ba ka rabin cokali.
Taku goma, a tsaya. Taku takwas, a tsaya.
Can ƙasa fitilun El Alto
kamar garwashin da aka kifar daga kasko.
Ɗaya a ciki ta ɗakinmu ce,
Nieves ba ta kashewa sai ta ji tarina a ƙofa.

Mun ratsa inda babana ke saran ƙanƙara
yana kai wa masu sayar da kifi.
Yau baƙar tsakuwa ce, tana kuka a ƙarƙashin ƙarfe.
Na ɗiga wa dutsen barasa yadda ya koya mini,
ban ce uffan ba. Tsohon ba ya son surutu.

Gab da asuba igiya ta soma yi mini magana.
Shekara sha tara ina sauraron ta,
na san jan gajiya, na san na tsoro.
Wannan dabam ne, jan mai tangaɗi.
Na waiga. Safar hannunsa ɗaya babu,
bai ma san ta tafi ba.
Na ce, Malam, bakwai sau takwas?
Ya dube ni, ya yi murmushi mai daɗi,
ya kira ni da sunan wani da ban sani ba.

Saura mita casa'in.
Ga ƙololuwar nan, rana ta fara sa mata lalle,
wasu baƙi biyu a kanta suna ɗaga gatari.

Na ce, mu juya.

Ya zage ni, ya zagi kamfani,
ya ce ni ɓarawon zaune ne, na ci gwangwaninsa.
Ya zube a ƙanƙara yana kuka,
hawayen na daskarewa a gemu kafin su kai haɓa.
Na bar shi ya gama.
Na taɓa sauko da mutum a cikin bargo,
mu shida muna ja, takalmansa na leƙowa.
Sau ɗaya ya ishe ni.
Na naɗe igiya a dantse, na sa shi gaba,
muka bi sawunmu na dare,
nasa karkatattu kamar rubutun mai zazzaɓi.

A bukka Doña Eulogia ta zuba miyar gyaɗa.
Bai dube ni ba. Yatsunsa a ruwan ɗumi,
biyu farare, suna dawowa da zogi.
Na cire rai da tukuici,
ina lissafin kuɗin motar komawa
da 'yan Koriya uku da ke jira na jibi.

Sai ya laluba aljihu da hannun mai lafiya,
ya fito da rabin burodin, ya sandare kamar dutse.
Ya karya a gefen tebur, ya turo mini babban.
Ya ce da kwanon miyar, ba da ni ba,
a hankali, kamar mai biyan tsohon bashi:
hamsin da shida.