Layin da Aka Ja

Takardar ta zo ranar Laraba
a jakar Zuwaira, naɗe da guntun fensir,
gefenta ya sha man awarar da na ƙulla mata.
Na ba Mudi, Mudi ya ba ɗan Iya Risika,
yaron ya karanta sau biyu kafin ya ɗago kai:
wai daga zango mai zuwa,
duk mai kwana a bayan titin dogo
ba ɗan wannan firamare ba ne.

Mu da ƙararrawarsu ke gaya mana lokacin walaha.
Mu da ƙwallonsu ke faɗowa kan kwanon ɗakinmu.

Wani a ofis mai sanyi ya ɗora biro kan taswirar Agege,
ya ja layi, ya tafi cin abincin rana.
Layin ya bi ta kwatar unguwarmu,
ya raba mai cajin waya da mai shayi,
ya shigo har tabarmar 'yata,
ya bar kanta a can, ƙafafunta a nan.

Wadda suka ba mu, na je na gano:
danfo ɗaya, sai tafiyar ƙafa ta gefen bola.
Na ƙirga kawuna a aji uku, na tsaya a tamanin.
Rufi ya wangame baki yana jiran ruwan Yuni.
Malamar na da fara'a, ban ƙi ba,
amma maƙogwaro ɗaya Allah Ya ba ta.

Akwai ta kuɗi, bayan gidan mai,
ɗaki huɗu, sabon fenti,
sunanta ya fi filin wasanta tsawo.
Dubu arba'in da biyar duk zango,
ban da littafi, ban da riga, ban da kuɗin biki.

Bayan isha'i muka baje lissafi a kan tabarma.
Mudi ya ce: buhun albasa nawa ke nan?
Ya ƙirga da yatsun da dakon Mil Tuwal ya kanta,
yatsun suka ƙare, kuɗin bai cika ba.
Ya ce: a kai ta Funtuwa wajen yayata.
Na ce: yarinyar da ko a mafarki
rabin zancenta Yarbanci ne?
Ya ce: to ta kuɗin.
Na ce: hayan ɗaki fa? Ƙaninta Isuhu fa, baɗi?
Ya yi shiru. Janaretan maƙwabta ya cike mana gurbin.

Da safe Iya Risika ta tsallako dogo
da ledar barkono da muryarta ƙasa-ƙasa:
Barira, ƙofata tana cikin layin.
Rubuta lambar gidana, wa zai zo dubawa?
Ai a bayana ta yi barci ranar da kika haifi ƙaninta.

Gaskiya ta faɗa.
Sai dai ni ce na koya wa Zuwaira
cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya,
yanzu kuma in zaunar da ita in ce:
idan hedimasta ya tambaye ki, ga gidan da za ki ce?

Fom ɗin na nan ƙarƙashin kwanon waken suya.
Na cike suna, na cike shekara,
gurbin adireshi na kallona, fari fat.

Jirgin safe ya wuce, ƙasa ta daina rawa.
Zuwaira ta saki hannuna a bakin dogo,
ta sunkuya tana duba tsakuwa.
Na ce: me ya faɗi?
Ta ce: Umma, layin nake nema.
Ban gan shi ba.